Faman da na sha kafin na samu bakanike da kayan gyara na ƙwarai don akori-kurata

Sana'ata sayen amfanin gona ce. Ina bin kasuwannin Jigawa, su Gujungu da Gumel da Maigatari, in tara riɗi da wake da gero in kawo Dawanau, kuma duk wanda ya san hanyoyin da ke shiga ƙauyukan can ya san ƙaramar mota ba ta kai mutum inda kayan suke. Shi ya sa a ƙarshen 2023 na tattara abin da nake da shi na sayi Toyota Hilux ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, mai shan fetur, a gwanjon wata ƙungiya da ke rage tsofaffin motocinta. Ta ci fiye da kilomita 200,000 kafin ta zo hannuna, amma bodinta lafiya, injin ba hayaƙi ba ƙara. Takardun mallaka sun zo cikakku, sai dai ba a haɗo ni da ko takarda ɗaya da ke nuna abin da aka taɓa canja mata ba. Abokan sana'a da yawa suna tambayata inda nake kai ta gyara da yadda nake sayen kayanta, to ga yadda abin ya faro, daki-daki, ko wani ya huta da yawon da na yi.

Da farko bakaniken unguwa nake kai wa, wanda ya daɗe yana duba min ƙaramar motar gida. Juye ne kawai da canjin birki, kuma ban ga aibu ba. Sai da bazara ta kama, irin zafin Afrilu na Kano da kwalta ke laushi, sannan matsala ta fito fili. In motar ba kaya, lafiya lau. In na ɗora buhuna na kamo hanya daga Gumel da rana tsaka, sai in ga allurar zafi tana hawa a hankali, musamman in na shiga cunkoson Hadeja Road ko na tsaya a shingen bincike injin na aiki. In na samu fili na taka, sai ta ɗan sauko. Na kai masa, ko tayar da motar bai yi ba ya ce, "Alhaji, ai tamostat ne. Wannan abin na ƙasar sanyi ne, mu nan cire shi ake yi." Tamostat shi ne ɗan abin da ke buɗe wa ruwan sanyaya inji hanya in injin ya yi zafi. Ya cire, ya kai lagireto aka wanke, ya cika da ruwan famfo. Motar ta yi kamar ta warke, da safe ma allurar ba ta tashi daga ƙasa sai an yi nisa, amma ranar da na sake yin lodi aka koma gidan jiya. Sai ya ce famfon ruwa ne, wato mai zagaya da ruwa cikin injin, ya faɗi kuɗi, ya aiki yaronsa ya sayo, aka ɗaura. Ban ga kwalin ba sai bayan an gama, yana yashe a ƙasa an taka shi, da sunan kamfanin Aisin a jiki. Ba a yi nisa ba na fara ganin ɗigon ruwa a ƙarƙashin injin duk safiya, zafin kuma yana nan. Da na koma sai maganar ta zama wai gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, sai an sauke kan injin. A nan ne hankalina ya tashi, don sauke kan injin ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma wanda ke faɗar haka bai gwada komai a gabana ba tun da aka fara. Na ce masa zan yi shawara, muka rabu lafiya. Har yau muna gaisawa, kuma shi ke duba ƙaramar motar.

Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina in kai ta babban garejin dillalin kamfani. Na je da sassafe. Tun daga ƙofa tsarin daban ne: mai gadi ya rubuta lambar mota, aka nuna min teburin karɓar aiki, wani matashi da kwamfuta a gabansa ya nemi takardun motar, ya fita ya duba lambar casis da idonsa ya gwada da ta takarda, ya rubuta kilomita da yawan man da ke tanki, ya zagaya yana nuna min duk inda fenti ya karce kafin in sa hannu a katin aiki. An ce sai na biya kuɗin dubawa tukuna, ko a yi gyaran a wurin ko kada a yi, na biya aka ba ni rasit. Daga nan sai jira. Ɗakin jiran da sanyi da talabijin, amma ba a barin mai mota ya shiga inda ake aikin, kuma motocin bankuna da na ma'aikatu da ke da yarjejeniya da su ne a gaba. Na yi azahar a can, na yi la'asar a can. Da yamma aka kira ni aka miƙo min takarda mai shafi biyu. Sun sa wa lagireto famfon gwaji sun ga murfinsa ba ya riƙe iska, sabon famfon ruwan yana yoyo ta ƙaramar hudar da ke ƙasansa, babu tamostat, kulocin fanka ya saki, sannan suka ƙara da kayan ƙafa, wato boljoyin na ƙasa da tayarod da shokozoba na gaba. Gaskit kuwa ba su ambace shi ba sam. Da na kai idona kan jimillar kuɗin sai da na gyara zama, don ya kusa cinye ribar kakar gaba ɗaya. A lokacin dala ta haura naira 1,500, kuma duk abin da ake shigo da shi ya bi ta. Ƙari a kan haka, kulocin fankar ba su da shi a sito, sai an yi oda. Na ce a ba ni motata zan dawo.

Ban yi gyaran a can ba, amma kuɗin dubawar nan su ne kuɗi mafi amfani da na kashe a duk wannan tafiya, saboda takardar. A gaban kowane kaya an buga lambarsa ta kamfani. Matashin teburin, Allah ya saka masa, ya ɗauki minti kaɗan ya yi min bayani. Lambar kayan Toyota galibi guda goma ce, biyar a gaba, ɗan layi, biyar a baya. Na gaban suna nuna irin kayan, na bayan suna nuna motar da ya dace da ita. Ya ce in daina cewa "Hilux 2012" a kasuwa, don Hilux ɗin da aka yi daga 2005 zuwa 2015 kala-kala ce a ciki ko da fuskar ta yi kama. Ya nuna min farantin da ke jikin motar: tawa TGN26 ce, wato injin fetur 2TR-FE mai lita 2.7, mai jan tayoyi huɗu. Wadda ta fara da KUN ta dizal ce. Lambar casis kuma haruffa da lambobi 17 ne, kuma farkonta yana faɗin inda aka haɗa motar, MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu. Na ɗauki hoton takardar da na farantin a waya, na kuma yi kwafi na ajiye a aljihun gaban mota.

Saura wanda zai yi aikin. A nan ban tambayi masu mota ba, direbobi na tambaya. Mai mota yakan yabi bakaniken da ya iya magana, direba kuwa shi ke kwana a daji in gyara bai yi ba. Na bi direbobin da ke jan irin motata, na masu aikin rigakafi da na 'yan kwangilar hanya da na masu haƙar rijiyar burtsatse, duk inda na gan su suna shan shayi sai in zauna. Tambayata ɗaya ce: in motar ta kuɗinka ce, wa za ka kai wa? Sunaye da yawa sun fito, amma na wani dattijo ya fi maimaituwa, har da wanda ya ce min, "Yana da tsada, kuma ba ya sauri, in kana gaggawa kada ka je." Wannan kushen ne ma ya sa na tafi. Garejin nasa ba wani abin kallo ba ne, rumfar kwano ce da rami ɗaya da bishiyar darbejiya, amma duk motocin da ke wurin Hilux ne da Hiace da Land Cruiser, ba a ga an cakuɗa da wasu ba. Na lura kowace mota da aka kwance tana da tiren da aka zuba notinanta, ba a ƙasa cikin yashi ba, kuma akwai sifana mai awo da ake ɗaure noti da ita rataye a bango cikin kwalinta. Na gaishe shi na miƙa masa takardar dillalin. Ya karanta ya ninke ya ba ni, ya ce, "Na gani, amma bari mu tambayi motar."

Abin da ya yi a gabana ban taɓa ganin an yi ba. Injin a kashe, ya sa hannu ya juya fankar, ta yi ta wulwulawa ba tirjiya. Ya sa aka tayar da motar ta yi zafi sosai, aka kashe, ya sake juyawa, ta wulwula kamar ɗazu. Ya ce ka gani? Fankar wannan motar ba ta lantarki ba ce, bel ke jan ta, kuma a tsakiyarta akwai kuloci da ke ɗauke da wani irin mai mai kauri da ke kama ta in injin ya yi zafi. Ya nuna min baƙin maiƙo da ƙura ta manne a jikin kulocin, inda man ya tsiyaye. Shi ya sa in kana gudu iskar hanya na sanyaya lagireto, in ka tsaya da kaya ba abin da ke jawo iska. Daga nan ya ɗauko wata kwalbar gwaji mai shuɗin ruwa ya kafa a bakin lagireto, injin na aiki, ya ce in hayaƙin injin na shiga ruwa, wato gaskit ya ƙone, shuɗin zai koma rawaya. Muka zuba ido, bai canja ba. Ya zare ma'aunin baƙin mai ya nuna min ba fari-fari a jiki. Ya ce, "Alhaji, gaskit ɗinka lafiya lau, amma da ka ci gaba da lodi a haka da ka ƙona shi da gaske." Na yi ajiyar zuciya. Kan tamostat kuwa faɗa ya yi, ba da ni ba, da masu cirewa. Ya ce shi ke sa injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 82 yake fara buɗewa, kuma in babu shi kwamfutar motar tana ɗauka injin bai yi zafi ba, ta yi ta ƙara mai. A zamanin da aka cire tallafin fetur tun Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ruwan famfo kuma shi ke cin cikin injin da tsatsa.

Sai ya faɗi sharaɗinsa, wanda da farko na ɗauka wulaƙanci ne: shi ba ya sayen kaya. Kuɗin aikinsa daban, ya faɗe su tun kafin a taɓa noti. Kaya kuwa ni zan je in sayo, zai haɗa ni da babban yaronsa, in na kawo zai duba, wanda bai yarda da shi ba ba zai ɗaura ba. Ya ce, "In na saya maka, ranar da ya lalace za ka ce na ci kuɗinka. In ka saya da kanka na duba na ɗaura, ranar da ya lalace mu biyu za mu je wurin mai shago." Daga baya na gane hikimar. Mafi yawan rigimar mai mota da bakanike daga nan take tasowa: ana raina kuɗin aiki, mai mota ya yi ta ciniki har ya kai shi ƙasa, shi kuma bakanike ya nemi cikon a wajen sayen kaya, a karɓi kuɗin orijina a sayo mai araha. Ba ina wanke masu yin haka ba ne, amma mu ma masu mota da namu hannun a ciki.

Washegari muka shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa ni da yaron. Wanda bai saba ba, tun daga bakin hanya zai rikice: ƙarafa, injinan da aka jera a ƙasa, ƙofofin mota a jingine, masu kura na neman hanya, ga dillalai suna tarbarka da "Alhaji me ake nema?" Yaron ya ce kada in amsa wa kowa, don duk wanda ya raka ka shago da la'adarsa a cikin kuɗin da za ka biya. Muka wuce kai tsaye shagon da suka saba. Na buɗe waya na karanta lambar famfon ruwa, mai shagon ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yau mai lamba muka samu." Ya sauko da kwalaye uku ya jera a kan kanta. Na farko na Toyota ne a kwalinsa, na biyu na Aisin ne, na uku shi ma an rubuta Aisin. Kuɗin na farko ya kusa ninka na biyu, na ukun kuwa bai kai kashi ɗaya cikin uku na na biyun ba. Bai ɓoye min komai ba, ya ce na uku kwaikwayo ne, kuma shi aka fi saya. "Mutum ya zo ya ce mai sauƙi yake so, mu kuma mu ba shi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Na taho da tsohon famfon da aka ɗaura min a leda, muka ajiye shi kusa da su. Sai ga shi sak na uku: ƙarfen ya fi sauƙi a hannu, gefen da aka zuba shi da kaushi kamar ba a goge ba, rubutun jikinsa bai fito sosai ba, in ka juya shi kuma kana jin ɗan sassauci. Na gaskiyar yana juyawa da tauri-tauri, santsi, ba wasa. Takardar da ke manne a kwalin jabun ma tawadarta ta ɗan baje, kuma lambar jiki ba ta yi daidai da ta littafin mai shagon ba.

A nan na koyi abin da ya fi rage min kashe kuɗi. Toyota ba ita ke ƙera kowane ƙaramin abu da ke cikin motarta ba. Aisin ke yi mata famfon ruwa da kuloci da yawa, Denso ke yin fulogi da sitata da lagireto, su Koyo da NSK ke yin boris. To in ka samu na waɗannan kamfanonin na gaskiya a kwalinsu, kusan abin da ke cikin kwalin Toyota ka saya, da rangwame. Na ɗauki famfon Aisin. Tamostat da murfin lagireto kuwa na Toyota na saya, don ƙananan abubuwa ne, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma su ne in suka gaza suke jawo babbar ɓarna. Murfin ma sai da yaron ya duba adadin da aka buga a samansa ya tabbatar ya yi daidai da na asali. Boljoyin da tayarod muka ɗauki samfurin 555 na Japan, shokozoba KYB, bayan mai shagon ya yarda ya rubuta min a rasit sunan kowane kaya da lambarsa, da cewa in bakanike ya ƙi shi zan dawo da shi matuƙar ba a ɗaura ba. Kada ka karɓi rasit da aka rubuta "kayan mota" kawai da jimilla. Wani mai shago a gaba da muka tambayi kulocin fanka ya ƙi rubuta lamba, muka yi masa sallama.

Kulocin fankar shi ya ba mu wahala. Sabo na gaskiya babu a shagunan da muka zagaya, sai kwaikwayo, sai kuma na hannu, wanda ake kira Beljiyam. Ina da ra'ayi a kan kayan Beljiyam: ga ƙofa, fitila, madubi, akwatin giya, ko ma injin sukutum, sau da yawa tsohon orijina ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Amma abin da lalacewarsa ta tsufa ce, kamar roba da bel da boris da wannan kulocin mai mai a ciki, sayen tsohonsa sayen ciwon wani ne. Kuma mai Hilux ta fetur ya sani cewa ba a sayar da Hilux a Amurka, waɗanda ke Turai kuma kusan duk na dizal ne, don haka tsofaffin kayan irin tawa sun fi fitowa ta Dubai da Sharja, ba su da yawa kamar na Corolla ko Camry. Abin da ke taimako shi ne injin 2TR ɗin nan shi ne a cikin bas ɗin Hiace da ake kira Homa, da wasu Prado, da Tacoma ta Amurka, saboda haka kayan cikin injin ba sa wuya. Sai dai abubuwan da ke rataye a jikinsa daga waje sukan bambanta daga mota zuwa mota, kuma a nan ne za a ce maka "ai duk ɗaya ne, zai shiga." Shiga daban, dacewa daban, lamba ce ke raba gardama.

Mai shagon farko ne ya haɗa ni da abokin cinikinsa a kasuwar Ladipo ta Legas. Na tura masa lambar da hoton farantin motar ta WhatsApp, ya kira ni ta bidiyo ya nuna min kwalin ta kowane gefe, ya buɗe ya juya kayan a hannunsa. Ban tura masa kuɗi kai tsaye ba. Na biya mai shagon Kano, wanda nake iya zuwa in samu a zaune, shi ya tura, ya ɗora 'yar ribarsa, na kuma ga ta halatta. Aka sa kayan a motar dare, aka turo min hoton takardar webil da lambar wayar kwandasta. An ce gobe, goben ta zama jibi, wai motar ta lalace a hanya. Kwanakin nan motata na rami a kwance, ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ta wuce ni ina gida, na yi hayar motar wani don kada alƙawarin da na ɗauka ya tashi. Wannan ma kuɗi ne da ya kamata mutum ya sa a lissafi. Da kayan suka iso na je tashar manyan motoci ta New Road a Sabon Gari, na nuna katin shaida, na biya kuɗin ajiya, na wuce gareji da kwalin ban buɗe ba.

Dattijon ya duba kowane kaya ɗai-ɗai, ya yarda da su duka ban da bel ɗin fanka da na ƙara da kaina a hanya, ya lanƙwasa shi ya nuna min yadda robar ke tsattsagewa, ya ce a mayar. Ya wanke cikin injin har ruwan ya daina fitowa ja, ya ɗaura komai, ya zuba ruwan lagireto na Toyota mai ruwan hoda, ya bar injin na aiki murfi a buɗe har iskar da ke ciki ta gama fita. Da injin ya yi zafi sai na ji fankar ta kama da wani gurnani da ban taɓa ji a motar ba tun da na saye ta. Ya tattara duk tsofaffin kayan a buhu ya sa min a bayan mota ba tare da na tambaya ba. Bayan aikin ƙafa ya tura ni wurin masu saitin taya na kwamfuta, ya ce in ban yi ba sababbin kayan da tayoyin duk za su tafi tare. A can ne mai saitin ya nuna min lambobi huɗu da ke ƙarshen layin DOT a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayoyina na baya, masu kyan gani, sun tsufa sosai, kuma ba masu ɗaukar kaya ba ne. Na canja su da 205R16C, harafin C ɗin nan shi ke nuna tayar lodi ce. Da na haɗa lissafi gaba ɗaya, har da kuɗin dubawar dillali da na webil da ladan dattijon, bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ke kan waccan takardar ba, in aka cire tayoyi.

Tun daga nan tsarina ya zauna. Mai gano ciwo daban, mai sayar da kaya daban, kuma ba na yarda a kwance babban abu sai an gwada a gabana an nuna min dalili. In fitilar injin ta kama, na'urar kwamfuta ake sa wa a karanta lambar matsalar in rubuta, ba a fara da canje-canje ba. Baƙin mai a gidan man da na sani nake saya, galan a rufe da hatiminsa, a buɗe a gabana, in an gama kuma in huda galan ɗin, don da irinsu ake ɗura na jabu. Ina juye duk kilomita 5,000 saboda ƙura da lodi, da sabuwar filta kowane karo, ta Toyota mai lamba da ta fara da 90915. Filtar iska da hunturu ina dubawa da kaina, kuma na hana a riƙa busa ta da iska mai ƙarfi har ta yage, don ƙurar da ta wuce ta cikin injin take zaunawa. Akwai ƙaramin littafi a motar, duk abin da aka yi da kwanan wata da kilomita da lambar kayan da shagon da aka saya suna ciki, rasit kuma a manne. Maganar lodi ma dattijon bai ƙyale ni ba. Ya ce abin da aka ƙera motar ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki, wato buhu goma na masara ma ya kai ta maƙura, kuma ƙara ganyen sifirin da ake yi yana hana ta durƙusawa ne kawai, ba ya ƙara wa birki da boris da kuloci ƙarfi. Na rage, ko da yake ranar kasuwa ba kullum ake iya jin magana ba.

Ga masu ta dizal, abu ɗaya da ya jaddada wa wani da na tarar a garejin: injin 2KD da 1KD bel ne ke haɗa taimin ɗinsu ba sarƙa ba kamar na fetur, ana canja shi a kilomita 150,000, akwai ma fitilar T-BELT da ke kamawa, kuma akwai masu kashe fitilar ba tare da sun canja bel ɗin ba, musamman in za a sayar da motar. Wanda ya sayi ta hannu bai ga rasit ba, ya canja kawai. Ni kuma abin da ke gabana yanzu kulocin giya ne, ya fara sulɓewa in na hau tudu da kaya. Dattijon ya ce tunda sai an sauke giya, a canja faranti da murfinsa da boris ɗin gaba ɗaya, don ladan aikin ɗaya ne ko guda aka canja ko uku. Na riga na karɓi lambobin, mai shagon Ƙofar Ruwa ya faɗa min kuɗin na Aisin da na kamfanin Exedy, ina jiran a biya ni kuɗin riɗin da na kai Dawanau in je in ɗauko.